Ruwan da Ke Komawa Tanki

Talata. Da sassafe na shiga gidan leda na auna ruwan takin da ke gangarowa daga kwatamin furannin kirisantimam. Ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, ya nuna 6.8, alhali shukar nan ta fi jin daɗi tsakanin 5.5 da 6.5. In ya haura haka, sinadarin ƙarfe yana nan cikin ruwan amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa, sai sabon ganye ya soma yin rawaya. Na ɗiga ɗan asid har ya sauko.

Babu ƙasa ko ƙwaya ɗaya a nan. Shukokin suna tsaye ne cikin garin ɓawon kwakwa, bututu na ɗiga musu ruwa, abin da ya rage ya koma tanki a sake ba su. Wannan komawar ita ce ta sa na rungumi aikin. Raina ba ya son in ga ruwa mai taki yana malala waje, ya nutse ya gurɓata ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa.

Sai dai ruwan da ke zagayawa ba ya manta abin da ya ɗauko. Shuka ba ta shan gishirin sodiyam sosai, don haka taruwa yake yi a hankali. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruɓewar saiwa, wadda ƙwayar cutar Fitiyum ke haddasawa: tukunya ɗaya ta kamu, tanki ya raba wa sauran. Shi ya sa da azahar, lokacin da ruwa ya ɗumama kuma iskar cikinsa ta ragu, na ɗaga wasu tukwane na duba. Saiwoyin fari tas, alhamdulillahi. Na goge fitilar UV da ke kashe ƙwayoyin cuta kafin ruwan ya koma, domin ƙurar da ta hau gilashinta kan rage mata ƙarfi.

Tarkon gam mai launin shuɗi ya kama ƙwarin tirips kaɗan, ban ga dalilin feshi ba.

Da yamma na ja baƙin labule a kan layukan da suka yi tsayi. Kirisantimam ba ya fitar da fure sai dare ya yi masa tsawo, don haka nake ba su duhun awa 13 ba tare da ɗigon haske ba. Ƙananan da ke ɗaya gefen kuwa fitila zan kunna musu cikin dare, su ci gaba da tsawo tukuna. Gobe da safe zan kai samfurin ruwan tanki a gwada mini yawan sodiyam.