Kurakuran da na yi wajen sassaƙa surar mutum a kwamfuta

Ƙannena masu sha'awar wannan sana'a, ranar da na fara shiga ɗakin da ake tsayar da mutum a gaban masu zane domin su kwaikwayi surar jikinsa, na je da kwamfuta da allon zane na Wacom da kuma girman kai, saboda na riga na shafe watanni ina sassaƙa kawuna a manhajar sassaƙa ta ZBrush daga hotuna, har ina ganin babu sauran abin da za a koya mini. Kafin a tashi daga zaman nan na gane cewa hannuna ne kawai ya ƙware, idona kuwa bai ma fara karatu ba.

Madubi ne ya fara kayar da ni. A ZBrush, da zarar ka danna harafin X, duk abin da ka yi a dama sai ya bayyana a hagu kamar a madubi, kuma daɗin wannan sauƙi ya sa na bar shi a kunne har tsawon sa'o'i biyu. Mutumin da ke gabanmu ya ɗora nauyinsa a kan ƙafar dama, ya saki ta hagu, amma abin da ke fuskar kwamfutata ya sandare kamar soja a fareti. Wani dattijo da ke aiki da yumɓu na gaske a gefena ya leƙo, bai ce komai ba, ya miƙe fensirinsa a kwance daidai ƙugun mutumin, ya sake miƙa shi daidai kafaɗunsa. A nan na ga abin da na kasa gani: ƙugu ya ɗaga a gefen ƙafar da ke ɗauke da nauyi, kafaɗar wannan gefen ta sauka, ɗan ramin da ke ƙasan maƙogwaro kuma ya faɗo kusan saitin idon sawun ƙafar dama. Masu sassaƙa na Girka sun san wannan tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ni kuwa maɓalli guda ya rufe mini ido. Ku yi amfani da madubi wajen tsara ƙwarangwal idan kuna so, amma ku kashe shi kafin ku karkata jikin.

Gaggawar kwalliya ta fi cin lokacina. Duk sa'ad da ka ƙara wa ragar siffar (wato ƙananan murabba'ai da suka haɗu suka zama fatarta) laushi da mataki guda, kowane murabba'i yana rabuwa gida huɗu, don haka raga mai murabba'i 10,000 tana haura miliyan 10 bayan mataki biyar. Nakan hau can tun da wuri, in zauna ina fitar da jijiyoyin bayan hannu da tattarar fatar gwiwa, alhali damtsen ya yi tsawo, haƙarƙarin kuma ya yi faɗi. Idan na tashi gyara, sai ragar ta yi nauyi, kuma raina ya ƙi yarda in rushe abin da na sha wahala a kansa. Wani ɓangare na laifin haddar littafi ce: na riƙe cewa tsayin mutum ya kai tsayin kansa sau takwas, alhali yawancin manya sun fi kusa da bakwai da rabi, kuma wanda ke tsaye a gabanka ba ya bin ƙa'idar kowa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai nawa idon sai da na tilasta masa awo da fensir kafin ya san ta.

Na kuma manne a kujera ɗaya. Tun da ina iya juya siffar a kwamfuta yadda na ga dama, sai na manta cewa mutumin ta fuska guda kawai na gan shi, bayansa duka ƙage ne. Yanzu nakan ɗauki kayana in sauya wuri a kowane hutu.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne yadda na ɗauki mai tsayuwar kamar gunki. A al'ada yakan tsaya minti 20 zuwa 25, ya huta kamar minti 5, a manna tef a ƙasa domin ya mayar da sawunsa inda yake. Jiki yana gajiya, kafaɗa tana zubewa a hankali, ni kuma ina bin kowane sauyi ina gyarawa, har na taɓa yin ƙorafi da ƙarfi cewa ya motsa. Wata rana ma na ɗaga waya na ɗauke shi hoto ba tare da izini ba, mai kula da ɗakin ta sa na goge a gaban kowa, kuma gaskiyarta ce.

Abin da ya gyara mini ido shi ne gajerun tsayuwa na minti biyu, inda babu damar komai sai layin ƙashin baya da karkatar ƙugu. Ko a manhajar Blender, wadda kyauta ce, ana iya wannan atisaye. A zagayen farko na doguwar tsayuwa, yau ba na wuce dunƙule uku, wato kai da ƙirji da ƙugu, sai sanduna huɗu na hannuwa da ƙafafu, kuma ba na taɓa fuska sai na zagaya mutumin sau biyu.