Kwaɗon da ya ƙi buɗuwa a lokacin hunturu

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Katsina, kwaɗunan shaguna da na gidaje sukan fara gardama, domin ƙura tana shiga ramin makulli ta danƙare a kan ƙananan ƙarafan da haƙoran makulli ke ɗagawa kafin kwaɗo ya buɗe. Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke ɗura man gyaɗa ko baƙin mai a ramin, alhali man yana kama ƙura ya koma kamar laka, matsalar ta ƙaru.

Na fi son a goga bakin fensir a jikin makulli har ya yi baƙi, a saka, a zare, a maimaita, saboda garin fensir yana sa santsi ba tare da danƙo ba. Idan tsatsar damina ce, a ɗiga kananzir a bari ya jiƙa. Makullin da ya maƙale kuwa, kada a murɗa shi da ƙarfi, a mayar da shi daidai yadda ya shiga, a girgiza a hankali ana ja. In ya karye a ciki, sai a nemi masu yankan makulli a kasuwa.