Kunnen hagu ya kwanta, a karo na uku

Jama'a, yau kwana 9 ke nan da na sake ɗaura sifoilar motata, wato ɗan fiffiken ado da ake mannawa a bayan mota, kuma kunnenta na hagu, wato ƙarshenta ta hagu, bai ɗaga ba. Mota ta sha rana, ta sha wanki sau 2, na kuma hau babbar hanya da ita. Kullum da safe sai na zagaya baya na cusa farce a ƙarƙashin kunnen nan, farcen ba ya shiga. Wanda bai taɓa fama da wannan abu ba ba zai gane daɗin da nake ji ba.

Tawa ƙarama ce, irin wadda take kwanciya a leɓen murfin but, ta robar ABS, ba doguwar nan mai ƙafafu ba. Karo na farko da tef ɗin da ya zo manne a jikinta na yi amfani. Kwana 2 ya yi, kunnen hagu ya buɗe baki. Na ɗora wa tef laifi, na ce ai dama wanda ake haɗowa a kwali ba abin kirki ba ne.

Karo na biyu na yi komai bisa ƙa'ida, har da wuce gona da iri. Na samo VHB, tef mai gam fuska biyu na kamfanin 3M, mai kaurin milimita 1.1. Na wanke folish, na goge da sinadarin isofirofil da ruwa rabi da rabi, na shafa firaima, ruwan da ke sa gam ya kama sosai, a ƙasan robar, na ɗumama murfin da draya. Na danna da duk ƙarfina, na ɗora buhunan yashi, na hana kowa taɓa motar har awa 72, tunda kamfanin da kansa ya ce gam ɗin yana kai rabin ƙarfinsa a minti 20, kashi 90 cikin 100 a awa 24, ya cika a kwana 3. Kwana 5 bayan na sauke yashin, kunnen hagu ya sake ɗagawa. Shi dai wannan kunnen, daidai wurin da ya ɗaga da farko. Ranar ko magana ban iya yi ba, tsayawa kawai na yi ina kallonsa.

Wannan maimaicin ne ya farkar da ni. In da tef ne matsalar, me ya hana na dama ɗagawa? Na sa zaren kamun kifi na yanke tef ɗin, na ɓata yini guda ina murje ragowar gam da yatsa har fata ta yi bororo, sannan na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko: na ɗora sifoilar a kan murfin haka nan, ba tef ba komai, na duƙa na leƙa. Tsakiya ta zauna daram. Dama akwai ɗan haske, kamar milimita 1. Hagu kuwa na jera tsofaffin katuna guda 6 kafin gibin ya cika, kusan milimita 5. Ashe lanƙwasar robar ba ta bi ta murfin ba. Ko a wajen zubi ta fito haka, ko a kwali ta karkace, oho.

To ku duba abin da na riƙa yi. Ina danne roba mai tauri da ƙarfin tsiya, ina sa tef mai kaurin milimita 1 ya riƙe gibin milimita 5. Robar ta zama kamar baka da aka ɗana, dare da rana tana ja tana son komawa yadda take. Irin wannan tef yana da ƙarfi sosai idan ja ya bazu a kan faɗinsa duka, amma idan aka kama shi daga baki ana ɓarewa a hankali, nan ne rauninsa, kuma kunnen sifoila daidai wannan yake yi masa. Ga motata baƙa ce, in ta yini a rana ba ka iya ɗora tafin hannu a murfin. Gam ya yi laushi, baka ya ci gaba da ja, shi ke nan. Wani ya ba ni shawarar in ninka tef biyu a gefen. Ban bi ba, don gibin zai cika amma za a riƙa hango baƙin layi mai kauri daga baya, ruwa da ƙura kuma su samu wurin zama.

Sai na koma gyaran robar ita kanta. Na yanka kwali ya bi lanƙwasar murfin daga gefe zuwa gefe, na kwafe shi a kan katako, na fere katakon da samfefa, na ɗan ƙara zurfin lanƙwasar a hagu saboda roba tana ɗan komawa baya in ta huce. ABS tana fara laushi ne a wajen digiri 105, draya ta gashi ba ta kai ta can, sai na aro na'urar hura zafi.

A nan na yi ɓarnar da ta fi ƙona min rai. Na hura ta saman fenti, na matso kusa, na kuma tsaya wuri ɗaya don gaggawa. Kafin in ankara fenti ya kumbura, ya yi ƙuraje kamar faɗin babban yatsa. Fentin da na riga na biya, aka haɗa kala ta dace da ta motar. Dole aka kankare aka sake fesa sifoilar gaba ɗaya, ga naɗin tef na biyu da ya tafi a banza. Kuɗin gyaran kurakuraina sun fi kuɗin sifoilar, kuma ban gaya wa kowa jimillar ba. Don Allah, wanda tasa ba ta sha fenti ba tukuna, ya gwada zamanta a kan mota kafin ya kai wa mai fenti.

Da fenti ya riga ya lalace sai hankalina ya kwanta, na yi aikin a natse. Daga ƙasa ake hurawa, tazarar kamar taƙi guda, hannu yana kai da komo a tsawon santimita 25 na ƙarshe, ba a kan kunnen kaɗai ba, in ba haka ba za ta karye kwana a wuri ɗaya. Da na ji ta fara bin hannu cikin safar fata, sai na kwantar da ita a katakon, na matse da matsi guda 3 da tsumma a tsakani, na bar ta ta huce da kanta. Zagayen farko gibi ya sauko zuwa 3, na biyu zuwa 2, na uku kati ɗaya ne ke shiga da ƙyar. Masu sifoilar faiba, wadda ake yi da zaren gilashi da gam, wannan dabarar ba taku ba ce. Gam ɗin faiba in ya daskare ba ya narkewa kamar roba, sai dai ciko da gugar samfefa.

Duk da haka ban yarda da tef shi kaɗai ba, an cije ni sau 2. Akwai ramin noti a ƙasan kowane kunne, sai na huda murfin. Tef ɗin takarda, alama, ɗan ƙaramin rami na milimita 3, sannan na faɗaɗa zuwa 6.5. Hannuna rawa yake yi lokacin ramin farko, ba zan ɓoye ba. Murfin but ƙarfe biyu ne, ramin hagu ya faɗa daidai kan ƙarfen ciki, sai da na buɗe masa ƙofa kafin soket ta shiga. Na kwashe garin ƙarfen da maganaɗisu don kada ya bar ɗigon tsatsa a fenti, na shafa firaima a bakin ramukan, na toshe da butil, wata roba mai danƙo da ke hana ruwa shiga. Silikon mai warin tsami ban kusance shi ba, asid ɗin da yake fitarwa yana cin ƙarfen da ba fenti. Notin ma ɗaurin hannu na yi masa da ɗan ƙari kaɗan, in ka matse da yawa murfin ne zai lotsa.

Ko ta ƙara wa motar wani abu a gudu? Ban ji komai ba, kuma ban sa rai ba. Don kyau na saka ta, kuma ta yi kyau.

Saura abu ɗaya. Da can in na danna maɓalli murfin yana tashi da kansa har sama, yanzu rabi yake zuwa ya tsaya, jiya har ya sauko min a ƙeya. Na leƙa sandunan murɗi guda biyu da suke ɗaga shi, na ga akwai wani ramin da za a iya matsar da bakinsu. Suna ɗane da ƙarfi, kuma ina son yatsuna. Wanda ya taɓa matsar da su, da me ya riƙe?