Mata huɗu, faifai ɗan gajere

Ɗazu da la'asar ina wanke-wanke Yaya ta turo min waƙa a WhatsApp, ta ce, "Ƙanwata, saurari wannan ki gaya min ko har yanzu ana yin irinta." Ashe Runaway Love ce ta En Vogue, matan nan huɗu na birnin Oakland a Kalifoniya, daga gajeren faifan da suka fitar a watan Satumban 1993, shekara guda bayan faifansu mai suna Funky Divas. Na jingine wayar a bakin taga, hannuwana duk kumfa. Da aka zo amshi sai Terry Ellis da Cindy Herron da Maxine Jones da Dawn Robinson suka haɗa baki, wata ta ɗauki sama, wata ta riƙe ƙasa, babu wadda ta danne 'yar'uwarta. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na bar famfo yana ta zuba har amshin ya wuce.

Faifan ba wani tsawo gare shi ba, wasu waƙoƙin ma tsofaffinsu ne aka sake wa kiɗa. A cikinsa ne kuma Whatta Man take, wadda suka yi da mata mawaƙan rap Salt-N-Pepa, har ta kai mataki na 3 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a 1994. Amma ni amshin nan ne ya tsaya min a rai. Kowacce cikinsu tana da muryar da za ta cika zaure ita kaɗai, kuma ta yarda ta sassauta ta domin a ji sauran ukun.