Laraba: laifin da na ɗora wa Auta

Tun daren jiya maganar take cina. Auta yana tsakiyar babi na uku na furojet ɗinsa kwamfutar ta yi shuɗin allo, ta mutu, ta sake tashi, shafi huɗu da bai adana ba suka tafi. Karo na biyar ke nan cikin mako ɗaya. Ni kuma ban tsaya tambaya ba, na hau shi da faɗa a gaban Inna, na ce wasannin da yake saukewa daga intanet ne suka kwaso mana cuta. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, wallahi ban sa komai ba." Ya tattara takardunsa ya fita.

Da na dawo daga masallaci da asuba sai na zauna ina lissafin kwanaki. Yaushe abin ya fara? Alhamis ɗin da ta wuce. Me aka yi ranar? Ni ne da hannuna na buɗe akwatin kwamfutar na ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Gabana ya faɗi. Kuma rubutun da ke fitowa a shuɗin allon, MEMORY_MANAGEMENT, tun ranar farko yake gaya mini inda ciwon yake, ban saurara ba.

Karin kumallo, kunu da ƙosai. Auta bai fito ba.

Wajen ƙarfe goma na ɗaure akwatin a bayan mashin na nufi wurin Malam mai gyaran kwamfuta. Daga Mabera zuwa shagonsa ba nisa, amma rana ta riga ta buɗe, irin zafin Afrilun nan da kan haura digiri 40. Na tarar yana shan shayi. Ya buɗe murfin, ya leƙa, ya ɗago ya dube ni.

"Wa yas sa wagga RAM nan?"

Na ce ni ne, Malam.

"To mi kag gani jikinta kafin ka saye?"

Na ce na ga DDR4 ce, 8GB, irin ta ciki, kuma ta shiga gurbi ba gardama. Ya ce shiga gurbi ai ba shi ne jituwa ba. Kowace DDR4 ta kwamfutar tebur ƙafa 288 gare ta, tsagarta wuri ɗaya, dole ta shiga. Ya zare su biyun ya jera a kan tebur ya ce in karanta takardar da ke manne. Gudun tsohuwar, 3200. Wadda na sayo ta hannu, 2666. Kamfanoninsu ma daban.

Daga nan ya zaunar da ni kamar lokacin da nake yaron shagonsa. Ya ce wannan 3200 ɗin ba da shi take tashi da kanta ba, sai an kunna XMP, saitin ƙara wa RAM gudu, a cikin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, kuma ni na kunna shi tun bara na manta. XMP yana ɗaga gudu, yana ɗaga wutar daga volt 1.2 zuwa 1.35, yana matse lokutan jira. Da na ƙara ta biyun, madabod, babban allon da ake soka komai a jikinsa, ya ci gaba da tilasta musu gudu ɗaya, ita kuwa baƙuwar ba a yi ta don haka ba. Tana iya jurewa idan aiki kaɗan ne, shi ya sa kwamfutar ke tashi lafiya lau. Sai an buɗe Word da shafukan intanet da yawa, aiki ya kai ga wurin da take kuskure, sannan komai ya rushe. Wato yawan aikin Auta ne ke tono matsalar, ba shi ya kawo ta ba.

Kuskure na biyu ma nawa ne. Gurabu huɗu ne a madabod ɗin, na sa su manne da juna a na ɗaya da na biyu. Malam ya nuna mini rubutun da ke jikin allon: idan guda biyu ne, A2 da B2 ake sa wa, na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. A haka ne suke aiki ta hanya biyu lokaci ɗaya. Ni na cunkushe su a hanya guda.

Ya goge ƙafafunsu da kilinar fensir, ya hure ƙurar hunturu da ta cika gurabun, ya cire ƙaramin batirin nan CR2032 na ɗan lokaci don BIOS ya koma yadda ya zo. Sai ya sa filash mai MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM. Don in gani da idona, ya fara haɗa su biyun, ya sake kunna XMP. Ba a yi minti ashirin ba jajayen layuka masu nuna kuskure suka fara zubowa. Ya kashe XMP, ya daidaita su a 2666, ya ce in tafi gida in bar gwajin ya yi zagaye huɗu, kada in katse shi. Na yi maganar sabunta BIOS, tunda wani lokaci yana gyara irin wannan rashin jituwa. Ya ce a'a, ba da wannan wutar tamu ba, in aka ɗauke ana tsakiyar yi madabod na iya mutuwa gaba ɗaya. Shawararsa dai, in kuɗi sun samu in sayar da su duka in sayi tagwaye na kwali ɗaya, kuma in fara duba jerin RAM ɗin da kamfanin madabod ya gwada ya wallafa a shafinsa.

Bai karɓi ko sisi ba. Allah ya saka masa.

Azahar, wanka, barcin da bai zo ba. An kawo wuta ƙarfe uku, na kunna gwajin.

Bayan Magariba na sami Auta a zaure yana rubuta babin nan da biro a takarda, yana ƙoƙarin tuno abin da ya ɓace. Wannan ya fi komai taɓa ni. Na zauna kusa da shi na ce laifina ne, RAM ɗin da na ƙara ce, ya yafe mini. Ya ce, "Ba komai, Yaya," bai ɗago kai ba. Na san halinsa, ba ya riƙo, amma a gaban Inna na kunyata shi, don haka na shiga ciki na maimaita mata maganar da ƙarfi yadda zai ji. Inna ta ce dama ita ta san ɗanta ba ya rantsuwa a banza.

Yanzu sha ɗaya saura. An ɗauke wuta sau ɗaya, sai da na sake farawa daga farko. Yana zagaye na uku, babu ja ko ɗaya. Na gaya wa Auta gobe da safe kwamfutar tasa ce har ya gama babin, ni zan buga masa shafukan da ya rubuta da hannu. Ya ce zai buga da kansa.