Kalmomin da Kyamara Ba Ta Iya Ɗauka

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin labarai na wani gidan talabijin shi ne rubuta rahoto a kan wata ambaliyar ruwa, kuma na zauna na cika shafi biyu cur ina bayanin yadda mamakon ruwan sama, da toshewar magudanai, da gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa, da sakacin shekaru masu yawa suka taru suka haifar da abin da ya auku cikin dare ɗaya. Na miƙa wa editanmu takardar ina jin na yi abin a-zo-a-gani. Dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda jan biro ba ya rabuwa da aljihun rigarsa. Ya karanta a tsaye, ya ɗora kan biron a kan wata kalma, sannan ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, wannan 'amma' taka, wane hoto za mu ɗora a kanta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ita ba ta da hoto, bayani ce." Bai ce mini uffan ba, sai ya soke ta tare da jimlar da ke biye da ita, ya ci gaba da sokewa har shafi biyun nan suka koma 'yan layuka. Da daddare rahoton ya fita tare da hoton wata mata da ruwa ya kai mata ƙugu, tana ɗauke da katifa a ka, kuma na shaida cewa ya taɓa zukatan mutane fiye da yadda shafi biyuna za su taɓa yi. Sai dai duk wanda ya kalle shi ya kwanta yana ganin ruwan sama kaɗai ne mai laifi.

Na daɗe ina ɗaukar abin da dattijon ya yi a matsayin rashin ganin ƙimar rubutu, kafin na gane cewa lissafi ne tsagwaronsa. Ƙa'idar da ake koya wa duk sabon shiga ita ce mai karanta labarai yana furta kimanin kalma uku a sakan guda, saboda haka rahoton minti ɗaya da rabi ba ya ɗaukar fiye da kalma 270, abin da da kyar zai cika shafi ɗaya na littafi. Labarun rabin sa'a gaba ɗayansu, ko da ba a sa talla ko guda ba, ba za su wuce shafi ashirin ba idan aka buga su, alhali sun ƙunshi batutuwa goma ko fiye. A cikin wannan ƙuncin wuri dole wani abu ya fita, kuma da na shekara ina lura sai na ga kusan kullum kalmomi iri ɗaya ne jan biro yake fara ci: amma, domin, sai dai, duk da haka, galibi, wataƙila, da a ce. Sunan mutum yana tsira, sunan wuri yana tsira, adadin waɗanda suka rasu yana tsira, domin kowannensu akwai abin da za a nuna a allo. Kyamara tana iya nuna gida ya rushe, ba ta iya nuna cewa da an bi wani tsari shekaru goma da suka wuce da bai rushe ba, tunda abin da bai faru ba ba shi da hoto. Waɗannan ƙananan kalmomin kuwa su ne gaɓoɓin tunani, da su ake haɗa dalili da sakamako, da su ake ware wanda ya fita daga cikin hukunci, da su mai gaskiya yake nuna iyakar abin da ya tabbatar.

Ana cewa gani ya kori ji, kuma babu misalin da ya gaskata wannan karin magana kamar yunwar ƙasar Habasha. A watan Oktoba na 1984 tashar BBC ta nuna rahoton Michael Buerk daga garin Korem, da hotunan da Mohamed Amin ya ɗauka, kuma cikin kwanaki kaɗan duniya ta motsa, har aka kai ga gagarumin bikin tara taimako na Live Aid a watan Yuli na 1985. Rahotannin hukumomin agaji da aka rubuta kafin wannan lokaci ba su yi wannan tasiri ba, kuma ba na jin akwai littafin da zai iya yinsa. Amma mai kallon da ya ga yaro ƙashi da fata a ƙasa busasshiya, abin da zuciyarsa za ta ba shi shi ne fari ya cinye amfanin gona, alhali yaƙin basasa da manufofin gwamnatin soja ta Mengistu Haile Mariam suna da babban kaso a cikin bala'in. Shekaru uku kafin wannan, a 1981, masanin tattalin arziki Amartya Sen ya riga ya wallafa bincikensa a kan yunwa, inda ya kafa hujja cewa a yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943 abincin da ke yankin bai gaza na 1941 ba, shekarar da ba a yi yunwa ba, kuma abin da ya rushe shi ne ikon wasu rukunonin jama'a na mallakar abincin da ke akwai. Irin wannan hujja tana buƙatar jadawali, da kwatanta shekara da shekara, da amsa wa masu suka, da mai karatun da zai haƙura ya bi ta shafi bayan shafi, kuma ita ce take sauya yadda gwamnati za ta tunkari yunwa ta gaba. Hoton ya sa an buɗe aljihu, wanda ba ƙaramin alheri ba ne, amma tambayar me ya sa ta zauna a kan takarda tana jiran mai zuwa nemanta.

Da na fahimci haka sai na faɗa wani kuskuren, na fara raina aikin da nake ci a cikinsa, ina ganin talabijin abokin gaban ilimi ne. Abin da ya warkar da ni shi ne lura da abokan aikina. Masu gabatarwar da suka fi iya yi wa baƙo tambaya mai kama jiki, waɗanda ba a iya yi musu dabo da kalmomi, dukansu makaranta ne, kuma shi kansa dattijon mai jan biro, da zarar an kammala labarun dare sai ya ciro littafi daga aljihun teburinsa ya zauna kamar ba shi ne ya wuni yana yanka jimlolin mutane ba. Ashe ya iya yankan ne saboda ya san abin da yake yankewa. Duk abin da ake gani a allo ya fara ne daga takarda, kuma ingancin minti ɗaya da rabin nan yana bin yawan abin da marubucin ya karanta ya bari a baya. Illar tana ga mai kallon da bai san an bar wani abu a baya ba.

Wannan illa na gan ta ƙuru-ƙuru bayan na bar aikin jarida na koma aji. Wata rana na nuna wa ɗalibaina wani shirin tarihi mai kyau na kusan sa'a guda a kan musabbabin Yaƙin Duniya na Farko, kuma da aka kunna fitila na tambaye su ko sun gane, suka amsa da murya ɗaya cewa sun gane sarai. Ba ƙarya suka yi ba, domin abin da suka ji a ransu ke nan. Da na ce kowa ya rubuta sakin layi biyu a kan dalilin da ya sa harbe magajin sarautar Austriya a birnin Sarajevo ranar 28 ga Yuni, 1914 ya jefa nahiya guda cikin yaƙi, sai kusan kowa ya kawo mini motar, da bindigar, da jerin sojoji a tashar jirgin ƙasa, ba tare da zaren da ya haɗa su ba, wato ƙawancen da ya ɗaure Jamus da Austriya a gefe guda, Faransa da Rasha a ɗaya gefen, da keta ƙasar Beljiyam da ya jawo Ingila ciki. Shirin ya faɗi duk wannan, na tabbata, amma ya faɗe shi sau ɗaya ya wuce, a daidai lokacin da idanunsu ke kan wani abu mai motsi. Mako na gaba na raba musu shafi huɗu a kan batun, aji ya yi tsit irin tsit ɗin gajiya, wasu suna hamma, har wata yarinya da ke bin layi da yatsa ta tsaya, ta koma shafin baya, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a nan ya ce Italiya tana cikin ƙawancen Jamus, to me ya sa a can gaba ya ce ta yaƙi Austriya?" Tambayar tana da amsa, domin Italiya ta ƙi shiga yaƙin a 1914, sannan ta shiga ɓangaren Ingila da Faransa a 1915, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne komawar yatsan nan baya. A gaban allo shirin ne yake jan ragama, mai kallo yana biye, a kan takarda kuwa ragamar tana hannun mai karatu, yana iya tsayawa inda ya yi tuntuɓe, ya koma, ya yi gardama da marubucin da ba ya nan. Na san yanzu ana iya tsayar da hoto a mai da shi baya, sai dai a shekarun da na yi ina koyarwa ban cika ganin mai yin haka don ya binciki wata hujja ba, domin an tsara shirin ne yadda ba za ka ji ka yi tuntuɓe ba.

Tsoron cewa sabuwar hanya za ta kashe tsohuwa ba yau aka fara shi ba. An ruwaito cewa Sukurat, masanin falsafar Girka na dā, ya yi fargabar rubutu zai raunana hadda, kuma littafin da Johannes Gutenberg ya sauƙaƙa bugawa a birnin Mainz wajen 1450 ya ga zuwan rediyo, ya ga John Logie Baird ya nuna talabijin ɗinsa a Landan a 1926, ya ga BBC ta fara watsa shirye-shiryen talabijin a kai a kai a 1936, bai kuma mutu ba. Misalin da ya fi ba ni haske shi ne Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969 bayan an fara tunaninta a matsayin jami'ar da za ta koyar ta rediyo da talabijin, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971, tana watsa darussa ta BBC. Duk da haka ƙashin bayan karatun a wancan lokaci shi ne littattafan darasi da ake aika wa ɗalibi ta gidan waya da aikin rubutu da yake mayar wa malaminsa, kuma a 2006 ta daina watsa darussan kwas ta talabijin, karatu da rubutu suka ci gaba. Abin da talabijin ya karɓe daga littafi shi ne sa'o'in yamma, da kuma haƙurin zama da abin da ba a gane shi nan take ba. Masu iya magana sun ce karatu farkonsa maɗaci ne, ƙarshensa zuma, kuma wanda ya saba da abin da zumarsa ke zuwa tun sakan na farko yana ɗaukar maɗacin shafukan farko a matsayin shaidar cewa littafin ne ba shi da kyau.

Ban daina nuna wa ɗalibai fim ba, domin na ga yaran da wani shiri ya sa suka je laburare da ƙafafunsu suna neman ƙarin bayani, abin da wa'azina na shekara guda bai sa sun yi ba. Abin da na sauya shi ne aikin da ke biye da kallon. Nakan rubuto rahoton labarai na minti ɗaya da rabi kalma da kalma, in raba musu tare da shafuka kaɗan na littafi a kan batun, in ce su nemo wuraren da suke zaton jan biro ya bi, su mai da kowace "amma" da kowace "domin" mazauninta. A karon farko yawancinsu ba sa samun ko ɗaya, suna cewa rahoton ya cika, babu abin da ya rage. Wajen mako na huɗu wani yaro da ke zama a layin baya ya kawo mini nasa, ya cika gefen takardar da ƙananan rubutu har ya juya bayanta, yana ba ni haƙuri cewa idan aka karanta shi yadda ya gyara zai kai minti bakwai.