Kada ki saki shafin farko sai kin ajiye goma

Da ke nake, ƙanwata, saboda mata ne suka fi yawa a fagen rubuta labarai a waya, amma ƙannena maza ma maganar ta shafe su. Tambaya biyu sabbin marubuta suka fi yi a Kano: yaya za a samu masu karatu, kuma me ya sa zuciya ke mutuwa a tsakiyar littafi. A ganina tambayoyin tushensu ɗaya, wato yawan shafukan da kike da su a ajiye ranar da kika fara saki. Abin da zan faɗa miki daga tuntuɓen da mu da muka riga ku shiga harkar muka yi ne na tsinto shi.

Ga yadda abin yake faruwa. Labari ya faɗo miki da daddare, kin rubuta shafi biyu da zafinsa, kin tura zauren WhatsApp. An yaba, an ce "Anti a ƙaro mana don Allah", daɗi ya kwashe ki, kin yi alkawarin saki kullum. To mu yi lissafi. Shafin da zai ƙosar da mai karatu yana kai kalma 1,500. Wadda take makaranta, ko aiki, ko hidimar gida da yara, abin da za ta iya rubutawa kullum ba tare da ta galabaita ba bai cika wuce kalma 500 ba. Ke nan kowace rana ana bin ki bashin kalma 1,000. Ko da kin fara da shafi goma a ajiye, in kullum kike saki, cikin kwana 15 sun ƙare. Amma in sau biyu a mako kike saki, misali Talata da Asabar bayan sallar isha'i, kalma 3,000 ke fita, 3,500 na shigowa, ajiyarki ƙaruwa take yi. Littafi mai shafi 60 kalma 90,000 ne, aikin wata shida ke nan in kalma 500 kike rubutawa kullum. Gara ki san haka tun yau, da ki gano shi a shafi na 20 mutane na tsaye a kanki.

Ki auna kanki kafin ki yi wa kowa alkawari. Ki yi mako biyu kina rubutu ba ki saki komai ba, ki ƙirga abin da ya taru, ki raba biyu. Abin da ya fito shi ne ƙarfinki na mako, kuma ƙasa da shi za ki yi alkawari. Ajiyar shafi goman ita za ta rufa miki asiri ranar da aka kwana uku ba wuta wayar ta mutu, ko zazzaɓi ya kwantar da ke, ko bikin 'yar uwa ya cinye mako guda.

Masu karatun Hausa sun saba bin labari kashi-kashi. Tun zamanin da littattafan soyayya suka cika kasuwar Sabon Gari, daga shekarun 1980 zuwa gaba, na ɗaya ake fara fitarwa, a jira na biyu da na uku, wasu su saya, wasu su karɓi haya. Jira ba ya korar su. Abin da ke korar su shi ne rashin sanin ranar da ci gaba zai zo, da tsoron kada a bar su a rataye. Wadda aka taɓa yi wa haka, da ta ga sabon littafinki cewa za ta yi, "Bari ta gama tukuna." Da yawa daga cikin masu cewa haka ba sa dawowa.

Kafin shafin farko, ki samu littafin rubutu na takarda ki rubuta abu uku: me jarumar take so, me ya tare mata hanya, ina labarin zai tsaya. A bayansa ki jera sunayen mutanen labarin, da shekarunsu, da dangantakarsu, da unguwar da kowa yake. Wannan ne zai hana uwar da kika binne a shafi na 8 fitowa tana rabon goro a ɗaurin aure a shafi na 40, kuma wallahi masu karatu suna lura. Sanin ƙarshe yana da wani amfanin da ya fi wannan. Marubuciyar da ba ta san inda za ta ba, sharhi ne ke tuƙa ta. Wannan ta ce kada a kashe wane, waccan ta ce a yi wa mugu kishiya, ita kuma tana bi don ta faranta wa kowa, har labarin shafi 40 ya kai 120 ba a warware komai ba. Ki saurari masu karatu a kan abin da bai fito fili ba, ko inda labari ya yi sanyi. Inda zai dosa kuwa, wannan naki ne.

Sai shafin farko kansa, inda ake asarar mutane da yawa ba a sani ba. Ki buɗe wayarki ki dubi yadda dogon saƙo yake bayyana a WhatsApp: layukan sama kaɗai ake gani, sauran sai an danna. Me kika sa a wannan wurin mai tsada? Sau da yawa sunan ƙungiya ne da tambarinta, da jerin furanni da taurari, da sadaukarwa ga ƙawaye bakwai, da gargaɗi ga ɓarayin littafi, da tallan turaren wuta. Baƙuwar da aka turo wa shafin ta zame yatsa sau uku ba ta ga labari ba, ta fita. Sama ki bar sunan littafi, sunanki, lambar shafi, shi ke nan. Gaisuwa da talla su koma ƙasa.

Labarin kuma ki fara shi daga inda matsala ta kunno kai. Jaruma ta farka, ta yi miƙa, ta shiga wanka, an ɗauki layi talatin ana kwatanta hancinta da gashinta, duk an karanta irinsa har an gaji. Gwada irin wannan: ranar da aka kawo lefen Hadiza, mahaifinta na ɗaga atamfar farko ya gane ta, domin daga shagonsa na Kantin Kwari aka sace ta wata biyu da suka wuce. Wanda ya karanta wannan yana son ya ji wane ne angon. Kuma ki rubuta duniyar da kika sani. Lungun Yakasai, layin 'yan garuwa a Kurna, cinikin kuɗin adaidaita sahu daga Kabuga zuwa Bata, sun fi kama zuciya a kan katafaren gida a Dubai da ba ki taɓa shiga ba. Ƙarshen kowane shafi ki bar tambaya a buɗe, amma ta gaskiya. In kowane shafi da suma yake ƙarewa, a na biyar an daina tsorata.

Ki sa Hausa a allon rubutun wayarki. Gboard, allon rubutu na Google, yana da ɓ, ɗ da ƙ. Ki raba kalmomi yadda ƙa'ida ta ce, ki ware maganar kowane mutum a layinta, ki karanta shafi da ƙarfi sau ɗaya kafin ki tura.

Game da inda za ki saki, WhatsApp ya fi saurin yaɗa labari, amma ba wurin ajiya ba ne. Zaure yana cika a mutum 1,024, kuma shafukan baya nutsewa suke yi cikin hira, shi ya sa kullum ake damun ki da "a turo min daga farko". Ki yi wa littafin gida guda inda shafuka suke a jere, ko Wattpad, manhajar da marubuta ke ɗora labarai, ko tashar Telegram, ko shafin Facebook, ki sa adireshin wurin a ƙasan kowane shafi tare da ranakun saki. Shafinki zai yi yawo a zaurukan da ba ki san da su ba, kuma wannan layin na ƙasa shi zai kawo miki baƙi. Kada ki yi taifin kai tsaye a cikin WhatsApp, kira ɗaya ko kuskuren yatsa na iya tafiya da aikin awa biyu. Ki rubuta a manhajar rubutu, ki tura wa kanki kwafi ta imel duk mako. Dandali ma yana mutuwa: OkadaBooks, dandalin littattafai na intanet a Nijeriya, ya rufe a 2023, wanda bai ajiye kwafin aikinsa a hannunsa ba shi ya fi shiga damuwa.

Yanzu maganar sharhi, wadda ta fi kashe gwiwa. Zaure mai mutum 800, kin kwana kina rubutu, mutum tara suka tanka, biyar daga ciki da ɗan hoton babban yatsa kawai. Zuciya ta ɓaci, sai a rubuta, "In ban ga ruwan sharhi ba na daina." Kada ki yi wannan. Mafi yawan masu karatu shiru suke yi: wata a ɓoye take karantawa, wata datarta ta kusa ƙarewa, wata kunya take ji ta yi magana cikin mutane. Barazana tana sa su ji kamar ana yi musu gori, kuma tana sanar da kowa cewa littafin zai iya tsayawa kowane lokaci. In kina son sanin gaskiya, danna saƙonki ki riƙe, ki duba bayaninsa, za ki ga adadin waɗanda suka buɗe. A Wattpad kowane babi da lambar karatunsa. Raguwa daga shafi na 1 zuwa na 2 ba abin damuwa ba ce, masu leƙe ne suka wuce. Abin dubawa shi ne inda lamba ta faɗi kwatsam a tsakiya. Koma ki karanta shafin da ya gabace shi, galibi za ki tarar an yi shafi biyu ko uku ba abin da ya motsa. In kuma sharhin kike so, yi tambaya takamaimiya, kamar "Ku a ganinku Hadiza ta faɗa wa mahaifiyarta ko ta yi shiru?", sannan ki amsa wa waɗanda suka tanka da sunansu.

Yabo yana da daɗi amma ba ya gyara rubutu. Ki nemi mutum ɗaya ko biyu da ba sa jin nauyin faɗa miki gaskiya, su riƙa karantawa kafin kowa. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, tana da reshe a Kano, kuma zama da waɗanda suka daɗe a harkar yana rage wa mutum shekarun lalube. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, makaranta ce ko ba ki ci ba, saboda tana tilasta miki kammala labari a 'yan shafuka.

Za a ce miki batsa ce ke kawo jama'a. Tana kawowa da sauri, amma irin jama'ar da ba za su bi ki zuwa littafi mai tsafta ba, masu neman labari kuma sun riga sun sa miki alama. Sunan alƙalami ba ya ɓoye kowa: lambar wayarki tana zaure, kuma duk wanda ya tura miki kuɗi ya ga cikakken sunanki a asusun banki. A garin da kowa ya san gidan su kowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano hurumin aikinta ya haɗa da littattafai.

Littafin farko ki bar shi kyauta har ƙarshe, shi ne shaidar cewa kina gamawa. In za ki yi na kuɗi, faɗi tun shafin farko cewa na kuɗi ne, da yawan shafukan ɗanɗano, da farashi. Jan mutane zuwa shafi na 30 sannan a rufe ƙofa a ce sai an biya yana jawo gaba. Kuma kada ki karɓi ko sisi sai littafin ya kammala a hannunki, domin kuɗin littafin da ba a gama ba bashi ne, rubutu da bashi a wuya kuwa ba ya daɗi. Masu karanta littafi a YouTube in sun nema, a yi yarjejeniya a rubuce ko da a saƙon waya ne: nawa, na tsawon wane lokaci, tasha ɗaya ko fiye, kuma sunanki ya fito.

Tsakiyar littafi kowa yana jin nauyinta, ɗokin farko ya wuce, ƙarshe bai bayyana ba. A nan sabon labari yake zuwa yana kyalli. Rubuta shi a layi biyar a littafinki na takarda, ki rufe. Ranar da rubutu ya ƙi, rage abin da kike nema zuwa kalma 200, ki kashe data kafin ki fara. Ki riƙa tsayawa a tsakiyar fage, inda kin san abin da zai biyo baya, gobe ba za ki zauna kina kallon farin allo ba. Azumi, jarrabawa da haihuwa ba sa zuwa ba zato, ki tsara hutunsu tun da wuri, ki faɗi ranar dawowa, ranar kuma ki dawo ko da shafi ɗaya ne.

In kuma kina da littafin da kika riga kika yasar, kada ki buɗe sabo a kansa. Karanta shi daga farko da biro a hannu, ki fitar da zaren da ba a ƙulle ba, ki zaɓi biyu ko uku mafi muhimmanci, ki tsara ƙarshen da zai warware su cikin shafi biyar zuwa takwas. Ki rubuta su duka kafin ki ce wa kowa komai. Sannan ki koma zauren da kika bari, ki ba da haƙuri a layi ɗaya, ki sa taƙaitaccen tuni na inda aka tsaya, ki saki shafukan a jere cikin mako guda.